Yadda ake duba littafin da aka yi wa sikanin domin makafi su karanta

Kafin ka ci gaba da karatu, yi wannan ɗan gwaji. Ɗauki hoton shafi guda na kowane littafi da ke kusa da kai, ka sa manhaja ta mayar da hoton rubutu, sannan ka rufe ido ka sa waya ta karanta maka shi da murya. Za ka ji sunan marubucin ya faɗo a tsakiyar jimla ba sallama, lambar shafi ta manne da kalmar ƙarshe, wata kalmar ta rabe gida biyu, wani ɗigon datti da ke jikin takarda ya zama waƙafi. Ido yana da kawaici, idan ya ga irin waɗannan sai ya tsallake, mai shi bai ma san ya gani ba. Na'urar da ke karanta wa makaho littafi ba ta san kara ba. Duk abin da ta tarar a fayil sai ta furta shi, shafi bayan shafi, har littafin ya ƙare. Aikin mai duba littafi na sa kai shi ne ya share wannan hanyar kafin mai saurare ya biyo ta.

Inda aikin yake

Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kiran lamarin da sunan yunwar littattafai: cikin littattafan da ake bugawa, waɗanda ake samu ta sigar da makaho zai iya karantawa ba su kai ɗaya cikin goma ba, a ƙasashe matalauta kuwa abin ya fi haka muni. Na'urar da ke gane rubutun ɗab'i ta karanta shi da murya ta fito tun 1976, a hannun Ray Kurzweil a Amurka, kuma da kwamfuta ta yi araha sai makafi da dama suka riƙa yi wa littattafai sikanin da kansu, shafi-shafi. Matsalar ita ce kowa yana wahala shi kaɗai a ɗakinsa, mutum ɗari su yi wa littafi ɗaya aiki ɗaya. Wannan ne ya sa Jim Fruchterman da ƙungiyarsa ta Benetech a Kalifoniya suka buɗe Bookshare a 2002, ɗakin karatu na intanet inda wani zai yi sikanin sau ɗaya, wani ya duba ya gyara, sauran su amfana. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba da wannan damar tun 1996, da gyaran da ake kira Chafee. A 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a Maroko, ta fara aiki a 2016, ta ba ƙasashe damar yin irin wannan kwafin ba tare da neman izinin mawallafi ba, su kuma yi musayarsa tsakaninsu. Najeriya ta amince da ita a 2017.

Yau yawancin littattafan Bookshare, waɗanda sun haura miliyan, daga kamfanonin ɗab'i suke zuwa kai tsaye, a tsabtace. Abin da ya rage wa 'yan sa kai shi ne waɗanda ba wanda zai aiko da su: tsofaffin littattafai, waɗanda suka daina fitowa kasuwa, na ƙananan maɗaba'o'i, da wanda wani ɗalibi ya roƙa saboda malaminsa ya ce a karanta. Da yawa daga cikin masu wannan aikin su kansu makafi ne, da kunne da yatsa suke duba littafin. Ƙa'idojin da zan kawo daga tsarin aikin Bookshare suka fi fitowa, amma duk wata makarantar makafi ko sashen ɗakin karatu na jami'a da ke shirya wa ɗalibai littafi haka aikin yake, sai ɗan bambancin da ba a rasa ba. Idan ƙa'idar gidan da kake yi wa aiki ta saɓa da tawa, tasu za ka bi.

Idan ba ka taɓa yi ba, akwai filin koyo kyauta. Distributed Proofreaders, dandalin 'yan sa kai na intanet da aka kafa a 2000 don taimaka wa Project Gutenberg, ɗakin karatun littattafan kyauta na intanet, yana ba kowa shafi ɗaya a lokaci guda, hoton asali a gefe, rubutun da na'ura ta fitar a gefe, kuma kowane shafi yana bin zagaye uku na dubawa da biyu na tsari. Littattafan tsofaffi ne waɗanda haƙƙinsu ya faɗi. Mako biyu a can zai koya wa idonka abin da bayanina ba zai koya masa ba.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai Word ko makamancinsa, belin kunne, da littafin asali idan da hali, ko na takarda ko hotunan shafukansa. Waya ba ta isa wannan aikin ba. Sai ka yi rajista da ƙungiyar da doka ta amince mata, ka sa hannu a yarjejeniyarsu, wadda ainihinta shi ne fayil ɗin amana ne: ba ka tura shi a WhatsApp, ba ka ba abokinka, ba ka ɗora shi a wani wuri. Sassaucin da doka ta yi don masu larurar gani da makamantansu ta yi shi, ba don kowa ba.

Zaɓi littafin farko da wayo. Ƙagaggen labari mai shafi ɗari biyu ko ƙasa da haka, ba jadawali, ba hashiya, kuma wanda kake sha'awar karantawa, domin kowace kalma za ka bi. Littafin girke-girke ko na lissafi bar wa waɗanda suka ga jiya. A littafin girki rabin cokali kan koma cokali 12 idan na'ura ta haɗiye sandar da ke tsakanin 1 da 2, kuma jan layin da Word ke ja ƙarƙashin kuskure ba zai nuna maka ba.

Da ka sauke fayil ɗin, wanda a Bookshare RTF ne, ka yi kwafi biyu. Ɗaya ka ajiye kada ka taɓa, ɗaya ka yi aiki a kai. Kullum ka tashi daga aiki ka adana da sabon suna mai kwanan wata. Ranar da za ka yi ɓarna, kuma tana nan tafe, za ka gode wa Allah da na jiya yana nan.

Fara da ƙirga shafuka, kada ka gyara komai tukuna

Sabon shiga yana buɗe fayil ya ga kuskure a layin farko, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi. Daure. Babu takaici irin ka kwashe kwana goma kana gyara, ka kai shafi na 180 ka tarar daga nan an yi tsalle zuwa na 197.

Danna Ctrl da Shift da 8 a tare. Word zai nuna maka alamomin da ba a bugawa: ƙarshen sakin layi, tazara, da layin da ke raba shafi da shafi. Wannan layin rabon shi ne ƙashin bayan fayil ɗin. Kowane shafi na littafin takarda dole ya zama shafi guda a fayil, da layin rabo ɗaya tak tsakaninsa da na gaba. A akwatin nema rubuta ^m, ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambobin shafi kawai: 11, 12, 13. Abu uku kake farauta. Shafin da ya ɓace, saboda takardu biyu sun manne lokacin sikanin. Shafin da ya fito sau biyu. Da shafin da ya fito a dagule, tarin alamomi marasa ma'ana, wanda yawanci alama ce littafin ya karkace a kan gilashi ko kuma inuwar tsakiyarsa ta cinye ƙarshen layuka.

Idan shafi ɗaya ko biyu ne suka lalace kuma kana da littafin, sake musu sikanin a ma'aunin 300 dpi, ko ka buga su da hannu. Idan ba ka da shi, nemi wanda ya yi sikanin ta hannun ƙungiyar. Idan kuwa ɓarnar ta yi yawa, mayar da fayil ɗin ka faɗi dalili. Wannan ba gazawa ba ce. Sake sikanin na awa biyu ya fi gyaran wata guda sauƙi, kuma wanda ya buga rabin littafi daga ka yana cike gurbi da zato ya fi wanda ya mayar yin illa.

Duba kuma gaban littafin. Shafin take, sunan marubuci, shafin haƙƙin mallaka da shekarar bugu da lambar ISBN, duk su kasance, kuma su dace da abin da aka rubuta a rajistar littafin. Na'ura ta fi yin kwaɓa a nan saboda ƙananan haruffa da rubutun ado.

Lambar shafi ta zauna, kan shafi ya tafi

A saman kusan kowane shafi akwai layin da ke maimaita sunan littafi ko na marubuci ko na babi. Mai ido ya daina ganinsa tun shafi na uku. Mai saurare zai ji shi sau ɗari uku, kuma sau da yawa a tsakiyar jimlar da ta tsallako daga shafin baya. Share shi. Sai dai ka kula kada ka haɗa da taken babi na gaskiya, wanda ke fitowa sau ɗaya a farkon babin. Mutane da dama sun yi wannan kuskuren saboda kalmomin iri ɗaya ne.

Lambar shafi kuwa kada ka kuskura ka share ta. Ka tuna da ɗalibar da ke zaune a aji, malam ya ce kowa ya buɗe shafi na 47. Idan lambobin sun tafi, ita kaɗai za ta yi ta lalube ajin ya wuce ta. Haka wanda ke rubuta kundin digiri yana bukatar ya ce a shafi kaza aka faɗi kaza. Ka sa kowace lamba a layinta ita kaɗai, a wuri ɗaya a duk littafin, ko sama ko ƙasa. Inda na'ura ta karanta 11 a matsayin ll, ko 50 a matsayin SO, gyara. Shafin da ba komai a cikinsa kada ka cire shi, don kada ƙirgen ya goce. Bar shi, ka rubuta cewa shafin fanko ne, yadda mai karatu ba zai zaci wani abu ya ɓace ba.

Daga nan sai taken babobi. Mai ido yana kaɗa shafuka ya sauka inda yake so. Makaho da taken babi yake tsalle, kuma manhajar da ke mayar da fayil ɗinka DAISY ko EPUB, wato sigogin littafi na na'ura, ko rubutun Braille sai an nuna mata cewa wannan layin take ne kafin ta san haka. Wasu ƙungiyoyin suna so ka sa salon take na Word, wanda Ctrl da Alt da 1 ke bayarwa, wasu kuma suna so ka ƙara girman harafin ka yi masa kauri. Ko wanne aka ce maka, ka yi shi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ka gwada da ƙumshiyar littafin: babi ashirin a ƙumshiya, take ashirin a fayil.

Shara da nema-da-sauyawa, da tarkon da ke cikinta

Ctrl da H yana buɗe akwatin nema da sauyawa, kuma da shi za ka rage rabin wahala. Nemi tazara biyu a jere ka mayar ɗaya. Nemi ^- wato ɓoyayyen karan ɗori da manhajar sikanin ke bari a cikin kalmomi, ka share. Nemi ^t da ^l ka ga ko suna da dalilin zama. Nemi baƙin alamomi ɗaya bayan ɗaya, irin su ~ da | da \ da ^^ da *, waɗanda yawanci datti ne ko tabon takarda. Nemi ^$^#^$ wanda ke kamo lamba da ta maƙale tsakanin haruffa biyu, kamar 1 a madadin l ko 0 a madadin o.

Sai kalmomin da suka karye a ƙarshen layi. Nemi karan ɗori da ^p a bayansa, ka bi su ɗaya-ɗaya. A nan ne littafin Hausa ya fi na Turanci haɗari, domin mu karan ɗori namu ne na gado: sannu-sannu, tafiye-tafiye, wasa-wasa. Idan ka share duka a bugu ɗaya ka haɗa kalmar da ta karye, ka kuma ɓata wadda ba ta karye ba.

Akwai maɓalli a akwatin nan mai suna Replace All. Ni ya taɓa kai ni ya baro. Ina duba wani littafin Hausa da na'ura ta cinye wa ƙugiyoyi, na ga "kasa" ta cika ko'ina a inda ake nufin "ƙasa", na ce bari in huta, na danna. Ya ce mini ya sauya wurare ɗari da wani abu, na ji daɗi. Sai da na yi nisa na fara cin karo da "ya ƙasa magana" da "ta ƙasa barci", har da wata mai talla da ta "ƙasa" tumatir a bakin hanya. Ban kuma ajiye kwafin ranar ba. Dare biyu na yi ina warware abin da na ƙulla a daƙiƙa ɗaya. Tun daga ranar, in ba tazara ko ɓoyayyar alama ba, ɗaya-ɗaya nake bi, ina ganin jimlar kafin in taɓa.

Karatun kansa

Yanzu aka zo wurin. Duk abin da ya gabata share fage ne. Babu wata dabara da za ta ɗauke maka karanta littafin daga bango zuwa bango, kalma bayan kalma.

Jan layin da Word ke ja ƙarƙashin kalma yana da amfani, amma abin da yake kamawa shi ne kuskuren da ko yaro zai gani. Mugun kuskure shi ne wanda ya zama wata kalma ta gaskiya. A Turanci na'ura tana haɗa r da n su zama m, sai "modern" ta koma "modem", "burn" ta koma "bum". Tana haɗa c da l su zama d, "clear" ta koma "dear". "He" da "be" suna musanya, "and" ta zama "arid", "the" ta zama "die". Ba ɗaya cikinsu da zai sami jan layi. Sai mai bin ma'anar labari ne zai tsaya ya ce a'a, wannan ba ta zauna ba. Kowane littafi kuma yana da nasa ciwon, gwargwadon irin harafin da aka buga shi da shi. Ajiye takarda a gefe, duk kuskuren da ka gani sau biyu ka rubuta shi, idan ka gama babin ka neme shi a duk littafin.

Alamomin rubutu ma ka sa musu ido, domin da su muryar na'ura ke sanin inda za ta numfasa. Aya takan zama waƙafi, waƙafi ya zama aya, alamar motsin rai ta zama l ko 1, alamar zancen wani ta buɗe ba ta rufe ba. Sakin layi kan tsinke a tsakiyar jimla, ko biyu su haɗe, maganar mutum biyu ta zama ta mutum ɗaya. A ƙarshen kowane shafi karanta layin ƙarshe ka haɗa da na farkon shafi na gaba, ka ji ko sun ɗinke. Nan ne layi guda kan ɓace ba a sani ba. Kalmar da ta karye tsakanin shafi biyu, haɗa ta ka bar ta a ɗayansu.

Kada ka wuce minti arba'in zuwa awa guda a zama ɗaya. Da ka ji labarin ya ɗauke ka, kana ɗokin sanin abin da zai faru, to ka daina dubawa ka koma karatu, idonka yana cike gurbi da abin da yake tsammani. Tashi ka sha ruwa. Ni littafi mai shafi 300 yakan ci mini kamar mako biyu. Idan wa'adin da aka ba ka zai cika ba ka gama ba, nemi ƙari, ko ka sake shi wani ya ɗauka. Kada ka riƙe littafi wata uku a ajiye, wataƙila wani yana jiransa jarrabawa na matsowa.

Baƙaƙe masu ƙugiya

Wanda zai duba littafin Hausa yana da ƙarin kaya a kansa. Manhajojin gane rubutu, irin su FineReader da OmniPage da Tesseract, idan ba a saita su daidai ba, ko bugun ya tsufa, sai su ga ƙ su rubuta k ko R, su ga ɗ su rubuta d ko cf, su ga ɓ su rubuta b ko 6. Mu da muka saba da rubutun waya mara ƙugiya muna ganin abin ba komai ba ne. Amma ƙugiya ma'ana ce. Baki daban, baƙi daban. Kura tana cin mutum, ƙura tana sa shi tari. Fada wurin sarki ne, faɗa kuwa a kai ku gaban sarkin. Wanda ya taka kaya bai ji abin da wanda ya taka ƙaya ya ji ba, kuma tsakanin "ta yi bari" da "ta yi ɓari" akwai rai guda. Mai karanta Braille da yatsa abin da aka sa a fayil shi zai taɓa, kuma wanda ke neman kalma a cikin littafin ba zai same ta ba idan rabi da ƙugiya rabi babu.

Sa allon rubutun Hausa a kwamfutarka. Idan babu, Word yana da hanya: rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Ta ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253. Manyansu kuma 0198 don Ƙ, 018A don Ɗ, 0181 don Ɓ. Littafin da aka buga a Nijar za ka tarar da ƴ, lambarta 01B4, a inda na Najeriya ke rubuta 'y. Bar kowanne yadda ƙasarsa ta buga shi. Hamzar da ke cikin ma'ana da sana'a da 'ya'ya ita ma takan ɓace ko ta koma waƙafi, ka bi ta.

Wani abin da za ka iya cin karo da shi, idan an ba ka tsohon fayil daga maɗaba'a maimakon sikanin: kalmomi irin su }asa da ]aya. Kafin haruffanmu su samu gurbi a kowace kwamfuta, an yi amfani da wasu salon haruffa da suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka da wasu alamomi. A allon wanda ke da salon, rubutun lafiya lau yake. Na'urar makaho kuwa baka take gani, baka za ta furta. Wannan ma wuri ne da Replace All ke da rana, bayan ka tabbatar wace alama ce ke wakiltar wane harafi, kuma littafin ba ya amfani da bakar a wani wurin don aikinta na asali.

Kai ba edita ba ne

Wannan ita ce ƙa'idar da masu ilimi suka fi karyawa. Aikinka ka mayar da fayil ya zama abin da ke kan takarda, ba abin da ya kamata a ce yana kan takarda ba. Idan marubuci ya yi kuskuren nahawu, nasa ne. Idan ya rubuta da karin harshen Sakkwato, ko da tsohuwar ƙa'idar rubutu, ko ya sa wani a labari yana gurɓata magana da gangan, bar shi. Idan ya yi ashar, ko ya faɗi abin da ya saɓa wa aƙidarka, ba ka da ikon tacewa. Makaho baligi ne, yana da haƙƙin ya karanta abin da mai ido ya karanta, ya ji haushin da mai ido ya ji. In littafin ya fi ƙarfin zuciyarka, mayar da shi cikin mutunci wani ya ɗauka.

Inda ka rasa gane ko kuskuren na'ura ne ko na maɗaba'a, littafin asali ne alƙali. In ba ka da shi, tambayi kanka ko irin kuskuren da siffar haruffa ke jawowa ne. M a madadin rn aikin na'ura ne. Harafi biyu da suka yi musayar wuri kuwa yawanci yatsan ɗan Adam ne, tun daga maɗaba'a.

Hashiya, jadawali, waƙa da hoto

Lambar hashiya, wannan 'yar ƙaramar da ke saman kalma, takan manne da abin da ke gabanta. Shekarar 1960 mai hashiya ta 3 sai ta zama 19603. Raba su, ka sa lambar yadda ƙa'idar gidan ta ce, bayanin hashiyar kuma ya zauna a ƙasan shafinsa, a ware, kada ya kutsa cikin jimla. Shafi mai ginshiƙi biyu ka tabbatar na'ura ta gama na hagu kafin ta shiga na dama, domin takan karanta su a miƙe ta cakuɗa. Jadawali ka gina shi da kayan jadawali na Word, ba da tazara ba, kuma kowace lamba ka gwada ta da ta asali. Waƙa kowane ɗango a layinsa, da layi fanko tsakanin baiti da baiti. Rubutun da aka karkata ko aka yi wa kauri don jaddadawa ka bar shi yadda yake.

Hoto ba ya shiga, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa yana shiga. Idan ƙungiyar ta yarda a bayyana hotuna, yi shi a taƙaice, ka sa alamar da ke nuna cewa wannan maganar mai dubawa ce, ba ta marubuci ba. Faɗi abin da ke wurin: mata uku a bakin rijiya, ɗaya tana jan guga. Kada ka ce hoto mai ban tausayi. Tausayin na mai karatu ne, shi zai yanke. Taswira ko zanen da darasi ya dogara a kansa ya cancanci jimloli da yawa, furen ado a kan babi ko ambato ba ya bukata.

Ji da kunnenka, sannan ka miƙa

Kafin ka ce ka gama, sa belin kunne. NVDA, wanda ke karanta abin da ke kan allo da murya, kyauta ne a kan Windows, shi ne abin da makafi da yawa ke amfani da shi, kuma Word ma yana da nasa mai karantawa. Ba sai ka saurari littafin duka ba. Ɗauki farkon babi uku ko huɗu, da shafin da ya fi ba ka wahala, da wasu shafukan da ka buɗe da ka, ka juya wa allon baya ka saurara. Idan muryar Turanci ce ke karanta Hausa, lafazin zai ba ka dariya, amma duk da haka za ka ji inda jimla ta yanke, inda kalma ta maimaitu, inda kan shafi ya tsere wa sharar da ka yi. In ka kama kuskure fiye da ɗaya ko biyu a shafi goma, ba ka gama ba, koma.

Sake bin ^m karo na ƙarshe, domin a cikin gyara layin rabo kan gogu ba ka sani ba. Adana fayil ɗin a sigar da aka ba ka shi. Wajen miƙawa akwai gurbin bayani, kada ka bar shi fanko, kuma kada ka rubuta "an gama" kawai. Rubuta abin da mai karɓa da mai karatu ke bukata: an karanta duka an gwada da bugun takarda, shafi na 88 da na 89 an sake buga su da hannu, kurakuran rubutu da ke cikin wasiƙun babi na shida na marubucin ne an bar su, taswirar shafi na 12 an bayyana ta, jadawalin ƙarshe yana da gurbi biyu da ba su fito ba ko a littafin asali. Idan an karɓa, goge kwafin da ke kwamfutarka kamar yadda yarjejeniyar ta ce. Idan an dawo maka da shi da gyara, karanta abin da aka ce, ka ƙara shi a takardar nan da ke gefenka, ka buɗe fayil ɗin daga shafin da aka nuna.